Kashi na 7: Abubuwa uku na wannan mako, da rubutun da na goge sau biyu

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Na farko littafi ne, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta tara bayan ya yi amarya. Abin da ya kama ni shi ne yadda Rabi ta ɗaura zani ta kama sayar da abinci don ta riƙe yaran. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga, amma ku nemi na Hausar, ya fi daɗi.

Na biyu, ku koma ku saurari Waƙar Karen Mota ta marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Ku sa kunne ga kuntigin nan. Tsirkiya ɗaya ce tal, amma ta ishe shi ya ba da labarin yaron mota har ka ji tausayinsa.

Na uku wuri ne. In kana Kano, ka leƙa marinar Ƙofar Mata da safe, ka ga yadda ake rini da baba da toka a cikin ramuka. In ka je ka sayi ko ɗan ƙyalle ne, kada ka ɗauki hoto kawai ka wuce.

To, yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye a kanta. Wata uku ke nan ina da gajeren labari a wayata. Sau biyu ina ɗora shi a Facebook ina gogewa, na biyun ko minti goma bai yi ba. Wallahi hannuna har rawa yake. Zuciyata tana ta ce min, kai wane ne? Ba ka karanci Hausa a jami'a ba, har yau kana rikita "su ka" da "suka", malamai za su yi maka dariya. Wanda ya fi damuna ma shi ne 'yan gidanmu, kada su karanta su ce da su nake.

Ina cikin haka na tuna ita Balaraba tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Abubakar Imam kuma matashin malami ne a Katsina, ɗan shekara 22, lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Ba ina haɗa kaina da su ba ne, a'a. Kawai na lura babu wanda ya jira aka ce masa ya isa kafin ya fara.

Na tura wa yayata labarin. Ta kira ni ta ce, "Ƙanena, farkon ya yi tsawo, ka yanke shi. Amma tsohuwar nan ta ciki ta sa ni hawaye." Ta kuma gyara min kalmomi shida. Ban ji daɗin gyaran ba a lokacin, gaskiya, amma na yi.

Saboda haka ranar Juma'a bayan la'asar zan ɗora shi a wannan shafi, in sha Allahu, kuma na yi alkawari ba zan goge ba. Inda kuka ga kuskure ku faɗa min. Mai rubutu a ɓoye a waya kamar ni, ya faɗa mana wata nawa ya yi yana ajiye.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.