Bututu a Bakin Titi Ba Ruwa Ba Ne a Tsakar Gida

Yau zancen ruwan famfo za mu yi.

A 2017 aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa ta Zariya, wadda aka gina don tace lita miliyan 150 a kullum, kuma Makarfi da Kudan na cikin ƙananan hukumomin da aka tsara za su amfana. To amma ko babban bututu ya ratsa unguwa, wa zai ja shi zuwa cikin gida? Maigida ne zai sayi ƙaramin bututu, ya biya mita, ya biya mai haƙa rami da mai haɗa famfo, duk a lokaci guda. Nan fa talaka ke tsayawa. Sai ya koma sayen jarka wurin 'yan garuwa, wanda in ka lissafa na shekara, ya fi kuɗin famfon tsada.

Maƙwabciyarmu Nijar da kuma ƙasar Senegal sun daɗe da dabara: gwamnati na ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kaso mai yawa na kuɗin haɗawa. Mu ma abin da za mu nema wurin hukumar ruwa ta Kaduna ke nan, ko a bari manomi ya biya kaɗan-kaɗan, bayan ya sayar da masara ko rake. Kafin nan, gidaje biyar na layi ɗaya za su iya yin adashi, su haƙa rami ɗaya tare.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.