Naka Sai Naka: Darasi Daga Magoya Bayan Ƙananan Ƙungiyoyin Wasa

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiyarmu





Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wasanni. Mun sani akwai wanda zai ce a ransa, garin da bai gama da matsalar ruwan sha da ta ajujuwan makaranta ba, ina shi ina zancen ƙwallo? Tambaya ce mai ma'ana, kuma za mu dawo gare ta kafin mu sauka. Da farko dai muna neman izini mu kai ku ƙasashe biyu masu nisa, Amurka da Ingila, domin mu ga yadda waɗansu mutane suka riƙe ƙananan ƙungiyoyin garuruwansu, da abin da riƙon ya haifar musu.

A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo wani ya make ta da sanda ya ruga da gudu. Manyan ƙungiyoyin wasan guda 30 ne, kuma su ne ake gani a talabijin. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan ƙungiyoyi da ke warwatse a matsakaitan garuruwa, inda ake renon 'yan wasa. Tsarin nasu ya bambanta da na ƙwallon ƙafa da muka saba da shi. Ƙaramar ƙungiya ba ta hawa zuwa babban rukuni komai yawan nasarar da ta yi. Babbar ƙungiya ce ke ɗaukar 'yan wasan, ita ke biyansu, kuma ranar da yaro ya fara haskakawa sai ta ɗauke shi ta yi sama da shi. Saboda haka mai goyon bayan irin wannan ƙungiya ya san gwanin da yake yi wa tafi yau ba lalle ya gan shi baɗi ba. Abin da ke kai shi fili shi ne sunan garinsu da ke rubuce a ƙirjin rigar, da maƙwabcinsa da zai zauna kusa da shi, da ɗansa da zai riƙo wa hannu kamar yadda mahaifinsa ya riƙo nasa.

A daren 18 ga Afrilu 1981, biyu daga cikin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi suka haɗu a garin Pawtucket: masu gida da kuma baƙi daga garin Rochester na jihar New York. A ƙa'ida zagaye 9 ake yi a tashi, amma idan an yi kunnen doki sai a ci gaba har wani ya rinjayi wani. A wannan dare an yi ta yi babu mai rinjaye. Ga sanyi, ga iska, har 'yan wasa suka riƙa ƙona karyayyun sandunansu suna jin ɗumi. Ba a dakatar da wasan ba sai bayan ƙarfe 4 na asuba, an yi zagaye 32, kowa na da ci 2. Daga cikin mutum 1,740 da suka shiga filin, 19 ne suka rage a zaune. Sai ranar 23 ga Yuni aka ƙarasa, Pawtucket ta yi nasara da ci 3 da 2 a zagaye na 33. Har yau ba a yi wasan besbol na ƙwararru da ya kai wannan tsawo ba.

'Yan'uwa, mu riƙe waɗannan mutum 19 a zuciya, sannan mu tambayi ina ƙungiyoyin biyu suke a yau. Ta Pawtucket, wadda aka kwana a sanyi dominta, ta bar garin. Masu ita sun sami tayin sabon fili a garin Worcester da ke wata jihar, suka kwashe ta, ta fara wasa a can a 2021. Ta Rochester kuwa tana nan a garinta. Dalilin ya samo asali ne tun ƙarshen 1956, lokacin da babbar ƙungiyar da ta mallake ta, St. Louis Cardinals, ta yanke shawarar rabuwa da ita. Wani ɗan kasuwa na garin mai suna Morrie Silver ya jagoranci neman jama'a su sayi hannun jari. Cikin kwana 72 mutum 8,222 suka saya, aka biya kuɗin ƙungiyar da filin wasanta a 1957, ta zama mallakar mutanen gari. Mutanen Pawtucket ba su gaza na Rochester ƙauna ba. Bambancin shi ne ranar da aka zauna yanke shawara, na Rochester suna da kujera a ɗakin, na Pawtucket suna waje.

Haka kuma a ƙarshen 2020 hukumar manyan ƙungiyoyin ta sake fasalin tsarin renon, ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ke da alaƙa da ita daga 160 zuwa 120. Garuruwa kusan 40 suka wayi gari an yanke igiyar da ta ɗaure su da babban wasa, ba tare da an nemi ra'ayin masu sayen tikiti ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mu ƙetara zuwa Ingila, ƙasar da yawancinmu muka san sunayen 'yan wasanta fiye da na jikokin ƙannenmu. A kudu maso yammacin Landan akwai unguwar Wimbledon, wadda ƙungiyarta ta taso daga ƙananan rukunai har ta doke Liverpool da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin FA a 1988. A 1991 ta bar tsohon filinta na Plough Lane ta koma zaman haya a filin Crystal Palace. A ranar 28 ga Mayu 2002 wani kwamiti na mutum 3 ya amince, biyu suka rinjayi ɗaya, cewa masu ƙungiyar za su iya mayar da ita garin Milton Keynes, mai nisan kusan kilomita 90. Magoya baya sun yi zanga-zanga, sun yi rubuce-rubuce, amma ba su da ko ƙwayar hannun jari da za su tsayar da tafiyar.

Abin da suka yi bayan haka shi ne ya kawo mu ga labarinsu. Cikin 'yan kwanaki suka kafa sabuwar ƙungiya, AFC Wimbledon, suka danƙa mallakarta ga wata majalisar amintattu ta magoya baya, inda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya, mai kuɗi ne ko talaka. A watan Yuni suka yi shelar gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na unguwa, mutum 230 suka fito. Wasansu na farko na sada zumunci ne da Sutton United, an ci su 4 da nema, amma mutum 4,657 suka zo kallo. Suka fara daga rukuni na 9, suna zuwa filayen da ba su fi na makarantar sakandare ba, alhali kwanan baya suna zuwa gidajen Arsenal da Manchester United. Cikin shekara 9 suka hau mataki 5, suka shiga rukunin ƙwararru a 2011 bayan sun doke Luton a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2016 suka tarar da ƙungiyar da aka ɗauke musu a rukuni ɗaya. Da kuɗin ginin sabon fili ya gaza, magoya baya suka ba ƙungiyar rancen fiye da fam miliyan 5 daga aljihunsu, suka koma Plough Lane a watan Nuwamba 2020, shekara 29 bayan fitarsu.

Kada mu ɗauka kowane irin wannan labari da daɗi yake ƙarewa. Ƙungiyar Bury da ke kusa da Manchester, wadda aka kafa a 1885, ta ci kofin FA a 1900 da 1903. Bashi ya yi mata katutu, aka sayar da ita kan fam 1 a ƙarshen 2018, aka kore ta daga gasar ƙwararru a watan Agusta 2019. Shekara 4 mutanen garin suka yi ba su ga ƙungiyar ta buga gasa a filinta ba, kuma wani ɓangare na jinkirin ya faru ne saboda magoya bayan sun rabu gida biyu. Sai a 2023 suka haɗe, suka sake farawa daga rukuni na 9. A wannan ma akwai darasi ga duk wata ƙungiya irin tamu da ta san ɗacin rabuwar kai.

Yanzu mu dawo gida. Dattawan da ke cikin wannan zaure sun san lokacin da Mighty Jets ta Jos ta ɗauki kofin gasar ƙasa na farko a 1972, da lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978, da lokacin da Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Sun san yadda ake rufe shaguna a tafi fili. Matasanmu da yawa ba su taɓa jin sunan Raccah Rovers ba. A kudu ma Abiola Babes da Leventis United sun haskaka a shekarun 1980, kuma ranar da masu su suka janye hannu, ranar suka mutu. Yawancin ƙungiyoyin da ke buga babbar gasar Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, abin da ke nufin rayuwarsu tana rataye da ra'ayin wanda ke kan kujera. Ko Kano Pillars, mai kofin gasa 4 a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kafin ta dawo a 2023. Idan haka ta sami babbar giwa, ina ga ƙananan ƙungiyoyin garuruwa irin namu, waɗanda yawanci mutum ɗaya ne ke sayen riga da ƙwallo, ya biya kuɗin mota, har ranar da zai gaji?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu da ke zaune a birane muna biyan kuɗin tauraron ɗan'adam kowane wata domin kallon gasar Ingila da ta Sifen. Muna saya wa 'ya'yanmu rigunan Chelsea da Barcelona. Waɗansunmu sukan ƙaurace wa abinci idan an ci ƙungiyar da ba ta san da zamansu a duniya ba. Ba mu ce a daina kallo ba, mu ma muna kallo. Amma a cikinmu mutum nawa ne ya san sunan mai horar da yaran garinmu? Mutum nawa ya taɓa tsayawa a bakin filin nan da yamma idan ya zo hutun Salla? Bature ɗan Wimbledon yana da Chelsea da Fulham a kusa da gidansa, da jirgin ƙasa zai isa cikin ɗan lokaci, ya bar su ya bi tasa zuwa rukuni na 9. Mun ari son ƙwallonsu, mun bar musu wannan hali.

Ga amsar tambayar da muka fara da ita. Filin ƙwallo na daga cikin wurare kaɗan da ɗan kowace unguwa, ɗan kowane gida da mabiyin kowace jam'iyya suke tsayawa a layi ɗaya suna kiran suna ɗaya. Yaron da ke da atisaye ƙarfe 4 na yamma yana da dalilin guje wa majalisar shaye-shaye. Mai sayar da rake, mai ƙosai da ɗan acaɓa suna samun ciniki ranar wasa. Ɗan da muka haifa a Legas, wanda Hausarsa ke tangal-tangal, zai fi saurin ƙulla zumunci da 'yan'uwansa a gefen fili fiye da a zauren gaisuwa. Kuma al'ummar da ta koyi tara kuɗi kaɗan-kaɗan, ta rubuta, ta karanta lissafi a bainar jama'a saboda ƙwallo, ta koyi abin da za ta gina rijiya da aji da shi.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari 4. Na ɗaya, a yi wa ƙungiyar ƙwallon gari rajista da sunan al'umma, da tsarin mulki a rubuce, yadda babu mutum ɗaya da zai iya rushe ta ko ya sauya mata suna. Na biyu, a buɗe rajistar mambobi da kuɗin shekara wanda ɗan tireda da ɗalibi za su iya biya, kowane mamba ƙuri'a ɗaya. Mai hali ya ƙara gudummawa, amma ƙuri'arsa ɗaya ce. Na uku, a nemi takardar mallakar filin wasa da sunan al'umma tun kafin a wayi gari an yanka shi fuloti-fuloti, domin wahalar Wimbledon ta shekara 29 daga rashin fili ta fara. Na huɗu, a riƙa buga lissafin shiga da fita na ƙungiyar a wannan mujalla kowace shekara, kuma a nesanta ta daga siyasar jam'iyyu, kada rigar yaranmu ta zama allon tallan ɗan takara.

Ba mu yi wa kowa alkawarin kofi ba. Mai yiwuwa ƙungiyar ta shekara goma ba ta wuce gasar jiha ba, kuma za a ci mu a gida a ci mu a waje. Abin da muke roƙo shi ne kowane reshe ya koma da takardar rajista, kuma idan Allah Ya kai mu Salla mai zuwa, kowa ya riƙo hannun ɗansa mu haɗu a bakin fili. Da yayyafi kogi kan cika.

 Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya haɗa kanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.