Hoton Gida Shaida Ne: Shawarwari Ga Masu Fara Ɗaukar Hoto

 

Dalilin da ya sa kwamitin mujalla ya roƙi wannan ɗan lokaci shi ne wata kunya da muka sha bara. Da muka zo haɗa rahoton rijiyar burtsatsen da ƙungiya ta haƙa da ajujuwan da aka yi wa sabon rufi, sai muka nemi waɗanda suka je gida su aiko mana da hotuna. An aiko da yawa, amma da ƙyar muka tsamo 'yan kaɗan da maɗaba'a za ta karɓa. A wani rijiyar ta fito kamar ɗigo can nesa, a wani an yanke rawanin mai gari, sauran kuwa fuskoki ne baƙi ƙirin cikin fararen riguna. Ɗan uwan da ya ba da kuɗinsa daga Legas ko Fatakwal bai ga aikin da idonsa ba, hoton nan ne shaidarsa. Idan shaida ta yi rauni, zato ya sami ƙofar shiga, kuma mun san abin da zato ke yi wa asusun ƙungiya.

Manyanmu za su tuna zamanin fim mai hoto 36, wanda sai an kai wanki a jira kwanaki kafin a san abin da aka kama. Tsada ce ta koya wa mai hoto na wancan lokaci natsuwa. Kamfanin Kodak, wanda ya fito da kyamarar kowa-da-kowa a 1888, shi kansa ya kai ga neman kariyar kotu saboda bashi a 2012, bayan kasuwar fim ta mutu. Yau kyamara tana aljihun kowa, natsuwar ce ta yi ƙaranci.

Babban abin lura shi ne haske. Kyamara ba ta da hankali, awon haske kawai take yi. Idan ta ga farar babbar riga ta cika wuri, ko ta ga sararin sama a bayan mutum, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, fuskar mutum kuwa ta dulmuye cikin duhu. Maganin abin a waya mai sauƙi ne: mu taɓa fuskar mutumin a kan gilashi kafin mu danna, wayar za ta auna haskenta daga nan. Sannan mu bar rana a bayanmu ko a gefenmu, kada ta kasance a bayan wanda muke ɗauka. Mafi munin lokaci shi ne tsakar rana, sa'ad da rawani da malfa ke jefa inuwa a kan idanu, kowa kuma yana ƙanƙance ido. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi. In ya zama dole a ɗauka da azahar, a tara mutane a inuwar gini, ba ƙarƙashin darbejiya ba, domin hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. A cikin zaure kuwa, a zaunar da dattijo yana fuskantar ƙofa. Fitilar waya ba ta wuce 'yan taku kaɗan, saboda haka kunna ta a filin taro da dare ɓata batir ne kawai.

Bayan haske sai kusanci. Jawo hoto da yatsu a yawancin wayoyi ba ya ƙara komai, yanka hoton yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Mu taka da ƙafa mu matsa. Ga aikin gini, a ɗauki ɗaya daga nesa don a gane unguwar, ɗaya kuma daga kusa, yara na ɗibar ruwa ko suna zaune a aji. Dattijon da ke zaune a kan buzu a durƙusa a ɗauke shi daidai da idonsa. Ladabi ne, kuma hoton ya fi kwarjini. A duba bayan mutum, kada turken lantarki ya tsiro masa a ka. A goge idon kyamara da gefen riga mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura, a manne gwiwar hannu a jiki, a ɗauki uku maimakon ɗaya, domin a kowane taro ba a rasa mai ƙifta ido.

Akwai kuma batun izini. Dawowarmu daga birni ba ta ba mu damar shiga cikin gida mu ɗaga waya a kan matan aure ba, haka nan wurin makoki ko gadon mara lafiya. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi.

Wajen aikowa, mu sani WhatsApp yana matse hoto ya rage masa ƙarfi idan an tura shi yadda aka saba. A tura shi a matsayin fayil, zai iso yadda aka ɗauke shi. Kuma don Allah a haɗo da suna. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan zamanin Turawa, irin waɗanda ake gani a Gidan Makama a Kano, ya san takaicin kallon fuskar da ba mai iya cewa ta wane ce. Mu ma muna da irinsu a akwatunan iyayenmu. A rubuta wane ne, daga hagu zuwa dama, a ina, wace rana. Wanda ya fi daraja a wanke shi a takarda, domin waya tana ɓacewa, tana faɗawa ruwa.

Roƙonmu ga duk mai zuwa gida Sallar bana shi ne ya ɗauko mana hoton dattijo ko dattijuwa mafi shekaru a gidansu, da izininsu, da cikakken suna da unguwa, ya miƙa wa sakataren reshensa. Mun ware musu shafukan tsakiya a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.