Rafin da Aka Binne: Ɗaliban Tsara Filaye da Hidimar Unguwa

 

An nemi in yi magana a kan wani salon koyarwa, inda ake fitar da ɗalibin da ke koyon tsara filaye daga ɗakin zane, a kai shi cikin unguwa ya yi wa mutanenta aiki na haƙiƙa, kuma a ba shi maki a kan aikin kamar yadda ake bayarwa a jarrabawa. Ga waɗanda ba 'yan fannin ba, in ɗan fayyace. Mai zanen gini ruwansa da ɗaki da zaure da rufi. Mai tsara fili kuwa ruwansa da abin da ke waje: ta ina ruwan sama zai wuce, ina za a dasa itace, ina yara za su yi wasa, ina dattawa za su shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Zan kafa maganata a kan labarin unguwa guda a Amurka.

A yammacin birnin Filadelfiya akwai unguwa mai suna Mill Creek, mafi yawan mazaunanta baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi. Sunan na wani rafi ne da ke zuba a kogin Schuylkill. Amma yau ko ka zagaye unguwar daga safe har dare ba za ka ga rafi ba. A wajajen shekarun 1880 hukumar birnin ta cusa shi cikin wata ƙatuwar magudana ta bulo, faɗinta ya kai kimanin mita 6, aka cike kwarin da ƙasa, aka jera gidaje a kai. Ruwan sama da ƙazantar gidaje duk ta cikinta suke bi. Rafin ya ɓace wa ido, amma ruwa bai daina neman kwarinsa ba. Harsashin gidaje ya riƙa nitsewa, bango na tsagewa, lokaci lokaci ƙasa ta burma. A 1961 ta rufta a titin Funston, gidaje suka faɗa, mutum uku suka rasu.

A 1987 Farfesa Anne Whiston Spirn, wadda a lokacin take shugabantar sashen tsara filaye na Jami'ar Pensilbaniya, ta fara aiki a yankin tare da ɗalibanta. Sun fara da abu mai sauƙi, wato lambunan unguwa, ciki har da sake tsara wani da ake kira Aspen Farms tare da masu noma shi. Amma da suka zana taswirar kangwaye da filayen da aka yi watsi da su, suka ɗora ta a kan tsofaffin taswirori, sai wani abu ya bayyana: kangwayen sun yi jerin gwano ne a kan tsohuwar hanyar rafin. A da kowa cewa yake talauci ne da sakacin mazauna suka kashe gidajen. Talauci yana da hannu, haka ma bankunan da suka daɗe suna hana irin waɗannan unguwanni rance. Amma akwai rafi a ƙarƙashin ƙasa, kuma masu tsara birni sun manta da shi.

Wajen da ya fi taɓa mini zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Daga tsakiyar shekarun 1990 ɗaliban jami'ar suka riƙa zuwa wata makarantar yara ta unguwar mai suna Sulzberger, suna zama da 'yan shekara 11 zuwa 13. Suka kawo musu tsofaffin taswirori, da jaridun da suka ba da labarin ruftawar ƙasa, da hoton magudanar tun ana gininta. Gani ya kori ji. Yaran suka fita suna bin gangaren titi, suna duba tsagewar bango, suna gano inda ruwa ke kwanciya, daga baya suka fara zana yadda suke so unguwarsu ta koma. Yaron da ya tashi yana jin kunyar unguwarsu ya gane cewa lalacewarta tana da dalili da tarihi, kuma abin da mutane suka ɓata da hannu mutane na iya gyarawa. Labarin ya yi nisa har Shugaba Bill Clinton ya ziyarci makarantar a shekarar 2000.

Ba zan ɓoye muku ƙarshensa ba. A 2002, bayan gwamnatin jihar ta karɓe ikon makarantun birnin, aka miƙa Sulzberger ga wani kamfani mai zaman kansa, malaman da ke riƙe da shirin suka bar wurin, shirin ya tsaya. Sai dai tunanin bai mutu ba. A 2011 Filadelfiya ta fara wani shiri na shekara 25 na tare ruwan sama da itatuwa da lambuna da filaye masu shanye ruwa kafin ya cika magudanu, irin abin da Spirn da ɗalibanta suka daɗe suna kira a yi.

To, ina ruwanmu da rafin Filadelfiya? Wanda ya san cikin birnin Kano ya san kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa ƙasar gini daga cikinsu, suka zama matattarar ruwan damina. Da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai, shi kuma rafin Jakara an matse shi cikin siminti. Duk shekara idan Agusta ta kama muna jin rushewar gidaje, mu jajanta, mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya gina ɗaki a kan hanyar ruwa ya yi sababi. Muna da masu karatun wannan fanni, har Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana ba da digiri na biyu a kansa. Muna kuma da aikin gayya tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri guda.

Amma ina da gargaɗi, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Irin wannan aiki yana iya zama cuta ga unguwa. Zangon karatu wata huɗu ne, darbejiya kuwa sai ta yi shekaru kafin a zauna a inuwarta. Idan ɗalibai suka zo da mota, suka yi wa mutane tambayoyi, suka ɗauki hotunan kwata da bola, suka koma suka ci jarrabawa, unguwa ba ta sake jin ɗuriyarsu ba, to an yi amfani da talaka ne a matsayin allon karatu. Gobe idan wasu suka zo da niyyar kirki, ƙofa a rufe za su same ta. Abin da ya ba aikin Mill Creek daraja shi ne daɗewa. Ɗalibai suna zuwa suna wucewa, amma malamarsu ta riƙe unguwar shekaru da dama, har bayan ta koma wata jami'ar.

Ku kuma ɗalibai, ku shiga unguwa da kunne kafin ku shiga da alƙalami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon da ke zaune a ƙofar masallaci zai nuna muku iyakar da ambaliya ta kai a bango shekara talatin da suka wuce, abin da babu shi a kwamfutarku. Ɗalibai mata su shiga cikin gida, domin matan aure su suka san inda ruwan wanke-wanke ke tsayawa da lungun da yara ke tsoron bi, kuma ba za ku same su a taron ƙofar mai unguwa ba. Kada ku zana itace ko ɗaya sai kun san wanda zai ba shi ruwa a watan Maris, da abin da zai kare shi daga awaki. Kada kuma ku yi alkawarin abin da ba ku da kuɗinsa.

Roƙona ga shugabannin sassa shi ne, ku zaɓi unguwa guda kusa da jami'arku, ku je wurin mai unguwa da dattawansa, ku rubuta yarjejeniya ta shekara goma. Kowane aji ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya, kuma a bar kwafin kowace taswira a hannun mutanen unguwa, da Hausar da za su iya karantawa. Aikin farko kada ya wuce ƙarfinku: ku bi ruwan sama da ƙafa, daga inda ya sauka zuwa inda ya kwanta, ku zana hanyarsa. Ina roƙonku ku fara da damina mai zuwa.