Kundin Lauya Ya Fara Daga Tushe

Ɗalibin shari'a da ke rubuta kundin kammala karatu kan rikicin gonaki a Rimin Gado, inda gona ke manne da gona kuma gado ke ƙara rarraba ta, ya kamata ya san cewa ba kowace magana ce hujja ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. Wanda bai buɗe dokar da kansa ba, ya dogara da abin da wani ya taƙaita a intanet, zai kwafi kuskuren wani ya sa masa hannu. Haka batun rabon gado: alƙalanmu na bin mazhabar Malikiyya, suna duba Risala da Muhtasar Halil da Tuhfa. Dole ɗalibi ya duba babin, ya faɗi bugun da shafin.

Wasu za su ce samun kwafin hukuncin kotun shari'a, wanda shi ma tushe ne, yana da wuya, kuma lokaci ya ƙure. Gaskiya ne. Amma Rimin Gado na kan hanyar Gwarzo, ba nisa da Jami'ar Bayero, kuma ana neman kwafin a rubuce wurin magatakardan kotu. Hirar dagaci tana da amfani, sai dai shaida ce ta al'ada, ba doka ba. Malamai masu duba kundi, ku daina karɓar hujjar da ɗalibi bai gani da idonsa ba.