Sigarin Lantarki Mai Ƙamshin Mangwaro



Tun 1 ga Yunin 2025 Birtaniya ta haramta sayar da sigarin lantarki irin wanda ake zuƙa a yar. Dalilan biyu ne: tarin shara, da yara 'yan makaranta da suka dulmiya cikinsa.

Abin ɗan ƙarami ne kamar alƙalami, launinsa mai ɗaukar ido, ƙamshinsa na mangwaro ko alewa. Ba toka, ba warin taba a riga. Uwa za ta ɗaga shi daga aljihun ɗanta ta mayar, a zatonta kayan rubutu ne. Amma nikotin ɗin nan na taba yana ciki, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa yaro ke saurin kamuwa. Nikotin yana sa bugun zuciya ya ƙaru, tururin kuma yana takura huhu. Ka duba yaron a filin ƙwallo: gudu kaɗan, ya dafe gwiwa yana tari.

Ni dai a ganina, ƙamshin nan ne tarkon. Duk da haramcin, yanzu haka masu shaguna a Birtaniya sun cika kantoci da samfurin da ake cajinsa a sake cika shi, da mangwaronsa da komai.