Jawabi A Kan Shekaru Goma Na Fitina A Ƙasar Amurka, Da Rabonmu A Cikinsu

 Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, da waɗanda suka taru a nan, da waɗanda takardar nan za ta riska a tsangayunsu.

Nufina in bayyana muku labarin daular Amurka tun daga shekara ta 1960 har 1970 a lissafin Nasara. Kada wani ya ce ina ruwanmu da mutanen ƙetaren teku. Labarin nan ya ratsa ta Kano, ya shiga ƙauyukanmu, har ya bar tabo a damatsan iyayenmu. Na kasa shi fasali uku.

Fasali na fari, a kan abin kunya na cikin gida.

Ku sani an hana bauta a Amurka a 1865, amma jikokin bayi suka zauna cikin ƙasƙanci wajen shekara ɗari bayan haka. A jihohin kudu makarantarsu dabam, wurin zamansu a mota dabam, ɗakin cin abinci dabam. In baƙar fata ya zo rubuta sunansa don ƙuri'a, sai a ɗora masa haraji, ko a yi masa jarrabawar da aka shirya don ya faɗi.

Ana cikin haka sai ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai a 1960, har da tamu. A zamanin nan Amurka da Rasha suna gasar mallakar duniya, kowace tana zawarcin sababbin ƙasashen nan. To, jakadun Afirka suka isa Amurka, sai abin da ake yi wa baƙaƙen gida ya same su. A 1961 jakadan Cadi, Adam Malik Sow, ya tsaya a wani ɗakin abinci a jihar Merilan, kan hanyarsa ta zuwa Washinton, aka ƙi sayar masa saboda launin jikinsa. Labari ya bazu a duniya. A watan Yuli na shekarar nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba Jon Kenedi, aka yi masa babbar tarba, ya yi jawabi a majalisarsu. Ku duba, malamai: ana karrama baƙo a fada, alhali irinsa ba shi da ikon zama kan kujera a wata rumfar abinci.

A watan Mayu na 1963 'yan sandan birnin Bamingaham suka saki karnuka da ruwan kashe gobara a kan yara masu zanga-zanga. A watan nan ne shugabannin Afirka suka taru a Adis Ababa don kafa ƙungiyar haɗin kansu, suka kuwa yi maganar wannan wulaƙanci a fili. A watan Agusta mutum wajen 250,000 suka taru a Washinton, Martin Luta Kin ya yi musu jawabi. A watan Nuwamba aka harbe Kenedi. Magajinsa Lindon Jonson ya sa hannu ga dokar hana wariya a 1964, da dokar ƙuri'a a 1965. Jinin baƙaƙen Amurka da haƙurinsu su ne asalin nasarar nan. Amma idon Afirka ya taimaka, domin mai neman aure ba ya son a ga ƙazantar gidansu.

A cikinsu akwai Malkam Eks, wanda ya yi Hajji a watan Afrilu na 1964, ya ga fari da baƙi cikin sahu ɗaya, ya bar koyarwar da ya riƙa a da, cewa duk farar fata shaiɗan ne. Daga can ya biyo ta Najeriya, ya yi magana a jami'ar Ibadan. Aka kashe shi a 1965. Martin Luta Kin kuwa, a 1968.

Fasali na biyu, a kan hannun da ya kawo magani.

Amurka ta kusance mu ta hanyoyi da yawa. Ta kafa tasha a Kano mai bin sawun kumbon da ke kewaya duniya, har ta yi aiki ran da Jon Gilen ya kewaya sau uku a watan Fabrairu na 1962. Ta aiko samari su koyar a makarantun boko. Ta kafa hukumar ba da taimako, USAID, a 1961. Amma aikin da ya fi taɓa talakan Gwaram shi ne yaƙin agana.

Almajirai, ku ba ku san agana ba. Ku tambayi kakanninku. Ciwo ne mai kashe kamar uku cikin goma na waɗanda ya kama, ya makantar da waɗansu, ya bar sauran da zanzana a fuska. A 1965 Jonson ya yi alkawarin taimaka wa ƙasashen yammacin Afirka da na tsakiya a kan agana da ƙyanda. Aka fara aiki a 1967. Aka zo da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, tana tura magani cikin fata ba allura, mutum ɗaruruwa a sa'a guda. Sarakuna da hakimai da dagatai suka tara jama'a, ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa suka bi gari gari suna lamba. A 1970 aka ga ƙarshen agana a Afirka ta yamma, a 1980 aka yi shelar ƙarewarta a duniya duka. Wannan alheri ne, ba ya halatta mu musa shi.

Fasali na uku, a kan hannun da ya kawo wuta.

A shekarun nan guda daular nan tana yaƙi a Biyetnam, don tsoron kada ƙasar ta faɗa hannun 'yan gurguzu. A 1968 sojojinta a can sun haura 500,000. Kafin yaƙi ya ƙare Amurkawa wajen 58,000 sun mutu, mutanen Biyetnam kuwa sun haura miliyan. Gida ya rabu biyu, ɗalibai suka yi bore, ɗa ya saɓa wa uba. Ɗan dambe Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a 1967, aka ƙwace kambunsa, sai a 1971 babbar kotu ta wanke shi. Jonson da kansa ya fasa neman mulki a 1968.

A Afirka ma haka. An kashe Lumumba na Kwango a watan Janairu na 1961, a hannun abokan gabarsa na gida da Turawan Beljiyam. Daga baya, a 1975, majalisar dattawan Amurka ta bincika ta tabbatar 'yan leƙen asirinsu sun shirya ba shi guba tun kafin haka. Da yaƙin basasa ya tashi a ƙasarmu a 1967, Amurka ta ƙi sayar wa gwamnati makamai, sai Rasha ta aiko jiragen yaƙi, aka sauke su a Kano.

To, ga abin da za mu ɗauka. Fadar da ta aiko maganin agana, ita ce ta aika bamabamai Biyetnam, shugaba ɗaya, shekara ɗaya. Saboda haka wanda ya ce duk abin da ya fito Amurka guba ne ya yi ƙarya, tabon damtsen uwarsa yana ƙaryata shi. Mun ga abin da zato ya jawo a 2003, da aka tsayar da rigakafin shan inna a Kano har 2004, ciwon ya yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa. Wanda kuma ya ce ita uwar marayu ce, shi ma ya yi ƙarya, kaburburan Biyetnam suna ƙaryata shi. Aikin malami ya auna kowane aiki shi kaɗai, ya tambayi wa ya kawo, me yake nema, mene ne hujja, kana ya yi hukunci.

Ku sani kuma taimakon dauloli ciniki ne, yana zuwa da bukata, yana tafiya da ita. Hukumar nan ta USAID da Kenedi ya kafa, gwamnatinsu ta rufe ta a 2025, asibitoci da yawa a Arewa suka ji a jikinsu. Zanen aro ba ya rufe katara. Wajibi ne mu matsa wa shugabanninmu su riƙe maganin yaranmu da dukiyar ƙasa, mu kuma sa 'ya'yanmu, maza da mata, su koyi aikin likita tare da karatun allo.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta. Haza wasalam.